Lambar Mota a Wasan Barkwanci: Ina Sawun Yake Kaiwa?

A Ingila akwai masu sha'awar tsofaffin wasannin barkwanci da suka mai da bin diddigin lambar mota abin yi. Da sun ji an ambaci lamba a rediyo, ko sun hango ta a talabijin, sai su shigar da ita shafin hukumar rajistar motoci, in motar tana cikin rajista a nuna musu ƙirarta da launinta da shekarar da aka fara yi mata rajista. Abin yana yiwuwa ne domin a can galibi lamba tana manne da mota tun daga fitowarta har ranar da za a kai ta bola. Mai sauraro a Yakasai ko Mandawari, wanda ya tashi da wasannin Rediyon Kano da Rediyon Kaduna, zai iya tambaya ko mu ma za mu iya haka. Ra'ayina shi ne a Kano da wuya lamba ta kai mutum ga ƙarfen motar, amma tana kai shi ga shekarun da aka yi wasan da matsayin wanda ake yi wa dariya, kuma wannan ya fi ƙarfen amfani ga mai nazari.

Dalilin farko yana cikin tarihin lambar kanta, domin sau da dama ana yanke igiyar. Daga 1976 zuwa 1992 lamba tana farawa ne da haruffan jiha: KN ta Kano, KD ta Kaduna, SO ta Sakkwato, LA ta Legas. A 1992 aka shigo da tsarin bai-ɗaya na ƙasa, aka koma haruffa uku na ƙaramar hukuma, irin su KMC da DAL da GWL, tare da launin rubutu: shuɗi ga motar gida, ja ga ta haya, kore ga ta gwamnati. A 2011 aka sake juya tsarin, haruffan ƙaramar hukuma suka dawo gaba. Motar da ta yi tsawon rai ta sauya suna ke nan sau biyu, kuma tsohuwar rajistar a littafi take, da hannu aka rubuta ta. Ga kuma kasuwar Ƙofar Ruwa, inda mota in ta gaji ake ɓaɓɓalle ta, inji ya tafi wata motar, ƙofa ta tafi wata, saura ya faɗa hannun 'yan gwangwan. Wanda ya ce sai ya gano motar nan takamaimai, neman allura yake a cikin ruwa.

To amma wannan sauye-sauyen da ya ɓatar da motar shi ne ya mai da lambar kalanda. Tsofaffin kasakasai da yawa suna yawo a hannun jama'a ba kwanan wata a jikinsu. In aka ji ɗan sanda a wasa yana karanto lamba mai farawa da KN, an san tsarin kafin 1992 ake magana. In motar Bakatsine tana ɗauke da KD, alama ce ta kafin 1987, shekarar da aka cire Katsina daga Kaduna. Motar mutumin Haɗeja ko Gumel mai KN tana nuni da kafin 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jigawa. Sauran alamomin hanya ma haka suke aiki: raha a kan ruɗewar direbobi da komawa tuƙin hannun dama tana kai mu 1972, ambaton jami'an kiyaye haɗurra na tarayya ba ya zuwa kafin 1988, Adaidaita Sahu kuwa sai daga 2005. Mai nazari da ya iya karanta waɗannan zai jera wasanni bisa zamaninsu ko da takardun gidan rediyo sun salwanta.

Abu na biyu da lamba take faɗa shi ne matsayi, kuma a nan yanayin cikin Birni ya shigo. Lungunan Dala da Koki da kewayen Kurmi an tsara su ne don ƙafa da jaki, mota ba ta shiga yawancinsu. Mai mota sai ya ajiye ta a bakin titi, a idon kowa, yaran unguwa su haddace lambarta kafin su san sunan ƙirarta. Shi ya sa mota ta zama abin ba'a mai sauƙi. Fijo 504, wadda kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975 ya riƙa haɗawa, ta zama motar ma'aikacin gwamnati, musamman bayan kisan Janar Murtala a cikin baƙar Marsandi ranar 13 ga Fabrairu 1976, lokacin da gwamnatin soja ta rungumi tsarin rage ƙasaita. Marsandi ta zama ta attajiri, Bitil ta malamin makaranta, a-kori-kura ta ɗan kasuwar ƙauye. Lamba mai KNSG tana cewa dukiyar gwamnati ce, don haka in aka gan ta a ƙofar gidan biki da dare, dariyar ta riga ta haɗu tun kafin ɗan wasa ya buɗe baki. Wannan salo bai zo da rediyo ba, domin 'yan kama sun daɗe suna kama mai taƙama ta wajen rawaninsa da dokinsa. Motar ta gaji dokin ne kawai.

Wani zai ce ai lambar da ake faɗa a rediyo ƙirƙira ce, ɗan wasa ne ya jefo ta, ba wata mota a bayanta. Gaskiya ne sau da yawa, domin 'yan wasa irin su Usman Baba Pategi na Samanja Mazan Fama da Ƙasimu Yero sun shahara da hikimar nan-take. Sai dai mai ƙirƙira ba ya ƙirƙira daga sama. Lambar da ya jefo dole ta yi kama da wadda mai sauraro yake gani a titi, in ba haka ba kunne ya ƙi ta. Adadin yana iya zama ƙarya, tsarin kuwa gaskiya ne, kuma tsarin muke karantawa. A talabijin ma hujjar ta fi ƙarfi, domin a wasannin CTV ta Kano da finafinan bidiyo da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990, motocin aro ne daga abokai da masu hannu da shuni, da lambarsu ta gaske a jiki.

Wannan ne ya kawo suka ta biyu, wadda ta fi nauyi. In motar aro ce, to tana da mai ita, kuma an nuna ta a hannun mazambaci ko mai neman matan banza. A cikin Birni, inda kowa ya san gidan kowa, fitar da sunan mai motar yana iya jawo wa zuri'arsa zunɗe kan abin da bai aikata ba. Wannan suka daidai ce, kuma ita ce ta shata wa aikin iyaka: mai nazari ya tsaya ga ƙira da zamani da irin lambar, sunan mai ita ya zauna ga iyalinsa sai in su suka so a faɗa.

Abin da ya rage shi ne a yi aikin tun shaidu suna raye. Tsofaffin makanikai da direbobi da 'yan kamasho na tashoshin Kano suna iya gane Fijo daga Bitil ta ƙarar inji kawai, wato suna iya karanta abin da rediyo ya adana ba tare da lamba ba. Kasakasan da ke hannun jama'a suna cin tsatsa, dattawan kuma suna raguwa. Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa da sassan nazarin Hausa na Jami'ar Bayero suna da damar haɗa su wuri guda, a kunna kaset a gaban wanda ya taɓa kwance irin injin da ke ƙara a cikinsa, a rubuta abin da ya ce.