Majami'ar Fisa Da Karkatacciyar Hasumiyarta

Mai karatu, in ka taɓa ganin hoton birnin Fisa na ƙasar Italiya, to na san hasumiyar nan karkatacciya ka gani. Ita ake bugawa a kalanda. Ni kuwa abin yana ba ni haushi, domin kura ce da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Hasumiyar fa ba komai ba ce illa wurin rataye ƙararrawa na babbar majami'ar da ke gefenta. An fara ta a 1173 a kan ƙasa mai laushi da tushe marar zurfi, tun ba a gama ba ta soma kwantawa, har sai da aka rufe ta daga 1990 zuwa 2001 ana tallafarta. Wato aibinta ne ya yi mata suna.

Majami'ar ita ce aikin. An aza tubalinta a 1063, shekarar da mutanen Fisa suka kai hari tashar jiragen ruwa ta Falarmo a tsibirin Sisili, wadda ke hannun Musulmi a lokacin, kuma da ganimar aka soma ginin. Maginin sunansa Busketo. A 1118 Fafaroma ya zo da kansa ya keɓe ta.

Abin da ya sa nake ganin girman Busketo shi ne bai ji kunyar aro ba. Mutanen garinsu fatake ne na teku, sun ga gine-ginen Rumawa, sun ga masallatai. Sai ya jera marmara fari da mai duhu layi-layi, ya ɗora ƙubba mai siffar ƙwai a kan bakuna masu tsini irin na ginin Larabawa. A jikin bangon ma akwai duwatsun tsofaffin gine-ginen Rum, wasu rubutunsu kai a ƙasa, haka aka saka su ba ruwan kowa. Duk da wannan tarkace ginin bai zama kwamacala ba, ya tashi abu guda.

Kai, har da wata dabbar tagulla mai jikin zaki da kan mikiya da suka kafa a can saman rufin. Maƙeran Musulmi ne suka ƙera ta, a jikinta akwai rubutun Larabci na addu'ar albarka da lafiya ga mai ita. Ta yi ɗaruruwan shekaru tana shan rana da ruwa a kan coci kafin a sauke ta a 1828. Yanzu tana gidan tarihi, kwafinta ne a sama. Kyanta dai da kyau, amma kayan wani ne da aka raba shi da shi, wannan ba zan ɓoye ba.

Inda aka ɓata rawa da tsalle shi ne bayan gobarar 1595. Sarakunan gidan Medichi na Filorens, waɗanda ke mulkin Fisa a lokacin, suka sa aka yi sabon silin mai ruwan zinare, har da tambarin gidansu. Ni dai wallahi ya yi min nauyi, kamar a yi wa kyakkyawar yarinya kwalliya ta wuce ƙima. Sannan aka wargaza mumbarin da Jobanni Fisano ya kwashe kusan shekara goma yana sassaƙawa, aka watsa gutsattsarinsa, ba a sake harhaɗa shi ba sai 1926, kuma ko a lokacin wasu sassan ba su koma mazauninsu na asali ba.