Riga Ta Mai Sawa, Aiki Na Wa? Sharhi a kan Nazarin Surfani da Matsayin Gidan Sana'a a Ƙasar Rano da Kibiya

Gabatarwa

A cikin tarihin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne ake kira sarakunan baba, watau su ke da rini da tufafi. Ƙasar Rano, wadda bisa dokar masarautu ta 2024 ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya, tana tsakiyar yankin da ya tufatar da Sudan ta Tsakiya a ƙarni na 19. Wannan maƙala za ta duba yadda masana suka yi nazarin surfani, watau ɗinkin ado na riga da hula, ta nuna cewa sun ƙware wajen bayyana rigar da kasuwarta, amma gidan da ake yin ta bai sami rabonsa ba.

Abin da Masana Suka Cim ma

David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, shi ne ya kafa harsashin wannan fage. A 1976 ya shirya nunin fasahar Hausawa a Landan, a 1979 kuma ya kammala kundinsa na digiri na uku a kan surfanin tufafin Hausawa. Ya bi zane-zanen riga ɗaya bayan ɗaya, kamar aska biyu da aska takwas da tambari da dagi, ya kuma lura cewa mai zana fasalin da tawada sau da yawa dabam ya ke da mai bi da allura. Philip Shea, a kundinsa na 1975, ya ɗauki ɓangaren rini da fatauci, ya tabbatar da cewa garuruwan kudancin Kano irin su Kura da Bunkure ba 'yan rakiyar birni ba ne, su ne cibiyar aikin. Colleen Kriger kuma, a 1988, ta dubi rigunan Daular Sakkwato a matsayin kayan sarauta da kyauta, waɗanda hannaye da yawa ke taruwa a kansu.

Ba mai musun nauyin waɗannan ayyuka. Sai dai kowane nazari yana da inda ya tsaya ya hangi abu. Mai nuni yana kallon riga a rataye, an raba ta da zauren da aka ɗinka ta. Mai tarihin tattalin arziki yana kallon ta a cikin kayan fatake. Tsakanin zaure da zango akwai gida, kuma tun 1851 Heinrich Barth ya lura cewa sana'ar tufafi a Kano aikin iyali ce, ba ta manyan masana'antu irin na Turai ba.

Abin da Sunaye Ke Ɓoyewa

Harshen Hausa da kansa ya taimaka wajen wannan ɓoyo. Idan aka dubi sunayen tufafi za a ga sun kasu uku. Wasu na siffa ne, kamar aska takwas da malum-malum. Wasu na gari ne, kamar girken Nupe da 'yar Dikwa da ɗan Kura. Wasu kuma na mai sawa ne, kamar hular Zanna Bukar. Da wuya a sami tufa mai ɗauke da sunan wanda ya zana ta ko gidan da ya ɗinka ta. Mawaƙi yakan sa sunansa a cikin waƙa, marubuci a ƙarshen littafi, amma mai surfani ba ya da wurin sa hannu. Manazarcin da ya ɗauki waɗannan sunaye ya mai da su ginshiƙin rabe-rabensa, ya gaji makantar da ke cikinsu ba tare da ya sani ba.

Gida a Matsayin Ma'aikata

Hanyar da ta fi dacewa a fahimci gidan surfani a garuruwa irin su Rano da Kibiya ita ce a auna shi da gandu, wanda Polly Hill ta yi wa cikakken bayani a 1972. A gandu, uba da 'ya'yansa suna noma gona ɗaya, shi ke riƙe da rumbu, kowane ɗa kuma yana da gayaunarsa. Haka maigida ke karɓar aiki, ya yi ciniki, ya karɓi kafin alƙalami, ya sayi zare, sa'an nan ya raba: wanda hannunsa ya faɗa ya ɗauki aljihu da wuya, inda ido ke fara sauka, mai koyo kuma ya cike wurin da kuskure ba ya tsada. Hular da yaro ya ɗinka da dare don kansa, ita ce gayaunarsa.

Daga nan ne tambayoyin gaske ke tasowa. Rigar da aka yi odarta takan ci watanni, alhali gida yana cin abinci kullum; wa ke ɗaukar nauyin wannan tsakani? Aikin yana bin shekara, ya ja baya da damina saboda gona, ya tsananta gab da Sallah. Yaya ake cika alkawari idan shuka da Sallah suka haɗu? Idan dillali ya kai rigar Kurmi, nawa ke komowa gida, ko kuwa kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi? Uwa-uba, idan maigida ya rasu, ana iya raba gona da keke, amma ba a raba amanar masu kawo aiki, ba a kuma raba zanen da ke cikin kansa. A nan ne gidan sana'a ke tsayawa ko ya watse.

Sha'anin mata ma yana nan. Elisha Renne ta nuna yadda matan birnin Zariya suka shiga surfanin babbar riga, aikin da a da aka sani na maza ne. Mace a cikin kulle tana iya cike rabin riga, amma a kasuwa sunan namijin da ya fito da ita kaɗai za a ji. Nazarin da ya tsaya a zaure bai ga rabin ma'aikatar ba.

Dalilin Gaggawa

Keken surfani ya rage wa allura kasuwa, na'ura mai kwamfuta kuma ta zo da abin da ya fi haka. Yau ana ɗaukar hoton aljihun riga da waya, a kwafe shi, a buga a kan shadda cikin sa'o'i. Zanen da ba a san mai shi ba, ba shi da mai kare shi. Abin da ya rage wa gidan surfani, wanda na'ura ba ta iya kwafa, shi ne suna, watau a san cewa wannan aikin gidan wane ne. Ashe ke nan shirun da harshe da nazari suka yi a kan mai aiki ba lamarin ilimi kaɗai ba ne, yana taɓa tukunyar gida.

Kammalawa

Heathcote ya koyar da karatun riga, Shea ya nuna hanyar da ta bi zuwa kasuwa. Aikin da ke gaban ɗaliban Hausa shi ne su zauna a gidajen Rano da Kibiya, su rubuta salsalar koyon sana'a kamar yadda ake rubuta salsalar malamai, su tattara kalmomin ciniki da na rabon aiki, su kuma tambayi mata da almajiran gida, ba maigida kaɗai ba. Duk rigar da za a sake bayyanawa a kundi, ya kamata a rubuta wanda ya zana ta, da waɗanda suka ɗinka ta, da abin da aka biya su.