Takardar Tambayoyi da Abin da Ba Ta Gani a Unguwannin Kaduna

Duk shekara, idan ɗaliban ilimin zamantakewa suka kai ajin ƙarshe a jami'a, akwai hanyar da kusan kowa ya san za a bi. Ɗalibi zai zaɓi batu, shaye-shaye ne ko mutuwar aure ko rashin aikin yi ko bara, ya tsara tambayoyi ashirin ko talatin, ya kai shagon kwamfuta a buga masa, ya raba a Kawo ko Badarawa ko Unguwar Rimi, ya tattaro, ya zuba amsoshin a jadawali, ya fitar da kashi kaza cikin ɗari. Babi biyar sun cika, an yi wa kundi bango, an ba da maki. Wannan al'ada ta yi jijiya har masu koyo da yawa sun ɗauka takardar tambayoyi ita ce binciken kansa, sauran dabarun kuwa abin haddacewa ne don jarrabawa. Hujjata a nan ita ce, a unguwannin Kaduna da ke arewa da kogi, takardar da aka rubuta kafin a zauna da mutane tana ƙirga abin da marubucinta ya zata yana nan, ta tsallake abin da yake nan. An sa ƙidaya a gaba, fahimta a baya, kuma wannan jerin ne ya kamata a juya.

Magabatan fannin ba su taɓa ɗaukar dabarar bincike a matsayin ƙaramin abu ba. Ibn Khaldun, wanda ya kammala Muƙaddima a 1377, ya fara ne da sukar marubuta tarihi masu karɓar adadin runduna da na dukiya ba tare da auna su da yanayin al'ummar da ake magana a kanta ba. Auguste Comte ya raɗa wa fannin sunan da Turawa ke kiransa da shi a wajajen 1838, yana fatan a nazarci al'umma kamar yadda ake nazarin halittu. Emile Durkheim ya fitar da ƙa'idojin bincikensa a 1895, sannan a 1897 ya yi amfani da alƙaluman hukumomi ya nuna cewa kashe kai, wanda ake gani lamari ne na mutum shi kaɗai, yana hawa da sauka gwargwadon ƙarfin haɗin da ke tsakanin mutum da jama'arsa. Max Weber kuwa ya dage cewa ba a fahimtar aikin ɗan Adam sai an gano ma'anar da mai aikin ya ba shi. Ɗalibai suna haddace waɗannan sunaye a ajin farko, amma idan aka zo fita fili sai a ɗauki rabin Durkheim, wato jadawalin, a bar rabin da ya fi wuya, wato tantance mene ne ainihin abin da ake ƙirgawa. Weber da Ibn Khaldun kuwa sai su tsaya a babi na biyu, ba su taka ƙasa ba.

A ɗauki tambayar da kusan kowace takarda ke farawa da ita: mutum nawa ne a gidanku? A shiga wani gidan haya a Tudun Wada ko Unguwar Shanu. Ƙofa ɗaya ce daga waje, amma a ciki ɗakuna ne a jere, kowane da labulensa da murhunsa ko rishonsa a bakin ƙofa, rijiya ɗaya, banɗaki ɗaya ko biyu, kuɗin wuta ana karo-karo. Mai gidan da iyalinsa suna sashen ƙurya. A zaure almajirai uku ne ke kwana, kowanensu yana da gidan da yake yi wa aike ana ba shi abinci. A shagon da ke jikin gidan 'yan ci-rani ne ke shimfiɗa tabarma bayan an tashi ciniki, da damina su koma gona. Ɗaya daga cikin 'yan hayan yana da mata ta biyu a Rigasa, yana raba kwana. Wa za a ƙirga, kuma a ina? Idan tukunya ce ma'auni, gidan nan gida takwas ne. Idan ƙofa ce, gida ɗaya ne. Mai mata biyu za a iya ƙirga shi sau biyu, almajiri da ɗan ci-rani kuwa ba za su shiga lissafin kowa ba. Ɗalibai biyu za su iya shiga wannan gida a rana ɗaya su fito da adadi biyu, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Haka lamarin yake a tambayar sana'a. Akwatin da aka tanada wa matar da ba ta fita ofis ko kasuwa shi ne na marar aiki, kuma sau da yawa ita ma abin da za ta ce ke nan, don a wurinta aiki shi ne na albashi. Amma ita ce ke soya awara da yamma yara su fitar, ita ke kitso da ɗinki, ita ke haɗa turaren wuta da humra, ita ce uwar adashin mata goma sha biyu, yanzu kuma tana tallar atamfa da leshi a WhatsApp, a turo mata kuɗi ta waya, mai Keke Napep ya kai kayan. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a kan wannan ɓoyayyen ciniki na cikin gida tun 1969, daga baya kuma ta rubuta littafi guda a 1986 tana nuna yadda alƙaluman hukuma da takardun tambayoyi ke yaudarar masu tsara tattalin arziki. Enid Schildkrout ta nuna a Kano cewa tallar yara ita ce igiyar da ta haɗa matan kulle da kasuwa. Darasin da ke nan babba ne ga mai tsara manufa. Wanda jadawalinsa ya ce masa matan unguwa ba su da sana'a ba zai taɓa gane dalilin da ya sa uwa ke hana 'yarta zuwa makaranta da safe ba, domin bai ga jarin da ke kan farantin yarinyar ba.

Bayan abin da ake tambaya, akwai wanda yake tambayar. Saurayi baƙo ba ya wuce zaure a gidajen da aka rubuta ba a shiga, saboda haka amsar da zai samu a kan rayuwar mata daga bakin maigida za ta fito. Kunya tana hana wasu iyaye ambaton ɗan fari, wasu kuma ba sa son faɗin adadin 'ya'yansu ga wanda ba su sani ba. Tambayar kuɗin shiga tana tayar da tsoron haraji, tambayar takardun gida tana tayar da tsoron rusau, ganin mutum da takarda da biro kuma yana sa wasu su zaci rajistar tallafi ce, sai su ƙara wa talaucinsu gishiri. Sannan yawancin takardun da Turanci ake rubuta su, ɗalibi ya riƙa fassarawa a tsaye, kowane gida da irin fassarar da ya samu. Masu bincike na farko a ƙasar Zazzau sun gane wannan shinge. Lokacin da M. G. Smith ke nazarin tattalin arziki da sarauta, matarsa Mary Smith ce ta zauna da Baba ta Karo tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta labarin rayuwarta da Hausa, littafin ya fito a 1954. Abin da tsohuwa ɗaya ta bayyana game da aure da kishi da ƙawance da bauta, babu takardar da za ta iya tono shi, don sai da yarda ta samu kafin baki ya buɗe.

Kogin Kaduna kansa yana ƙara wa lamarin nauyi. Rikicin Shari'a na Fabrairun 2000 ya ci rayuka fiye da 1,000, rikicin Nuwamban 2002 ya ci fiye da 200, kuma bayansu dubban iyalai sun sayar da gidaje ko sun yi musaya, Musulmi suka taru a arewa, Kirista suka koma kudu da kogi, Sabon Tasha da Television da Narayi da makamantansu, har wasu na kiran ɓangarorin Makka da Ƙudus. Ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi, ba ta tambayi addini ko ƙabila ba, don haka babu cikakken jerin da mai bincike zai zaɓi samfuri daga ciki ya ce yana wakiltar gari. Wanda ya raba takardunsa a Kawo ya rubuta Kaduna a bangon kundinsa ya faɗi abin da ya fi ƙarfin hujjarsa. Arewan ma ba launi ɗaya ba ce: akwai Nufawa da Yarbawa da Barebari da Gbagyi 'yan asalin wurin, akwai Kiristocin da ba su tashi daga Malali da Unguwar Rimi da barikoki ba, akwai 'yan Izala da 'yan ɗariƙa da 'yan Shi'a. Muhimmi kuma, tambayar wurin zama garin dare kawai take kamawa. Da safe dubban mutane ke tsallako gada daga kudu zuwa ma'aikatu da asibitoci da Kasuwar Sheikh Gumi, su yi ciniki da bashi da gaisuwa da waɗanda ba sa kwana kusa da su. Ra'in Ernest Burgess na 1925, wanda ya zana Chicago da'ira cikin da'ira, ba zai bayyana garin da Turawan mulki suka shata suka mayar hedikwatar Arewa a 1917, rikici kuma ya sake shata shi, ba.

Za a ce hukuma da alƙaluma take aiki, ba da labarai ba. Mai gina asibiti yana son sanin mutum nawa ne, ba yadda suke ji ba. Wannan gaskiya ce, kuma ba kiran a watsar da ƙidaya nake yi ba. Tsarin Kaduna da kamfanin Max Lock ya fitar a 1967 ya ginu ne a kan binciken mazauna garin, kuma gari mai girma irin wannan ba ya tafiya da ƙiyasi. Amma adadi yana da amfani ne gwargwadon ingancin akwatin da aka zuba shi. Ko alƙaluman Durkheim an soke su daga baya da cewa suna nuna yadda jami'ai ke rubuta sanadin mutuwa ne, tunda iyalai da yawa sukan ɓoye kashe kai. Mai binciken da ya fara da wata guda yana zama da sauraro zai san ya tambayi mace abin da take sayarwa maimakon aikin da take yi, ya tambayi wa ke ci daga tukunyarta maimakon wa ke gidan. Daga nan ƙidayarsa za ta zama abin dogaro.

Za a kuma ce zama da mutane ƙofa ce ta son rai, musamman ga ɗan unguwa da ke nazarin unguwarsu, kuma dabarar ta zo ne da Turawan da mulkin mallaka ya ɗauki nauyinsu. Haɗarin son rai yana nan, amma takarda ba ta kawar da shi, tana ɓoye shi ne a cikin zaɓin tambayoyi. Maganinsa horo ne: rubuta abin da aka gani a ranar da aka gan shi, raba abin da aka gani da abin da aka ji, jin bakin mai haya da na mai gida, sannan gwada duka da rubutattun bayanai. Kaduna ta Arewa tana da arzikin wannan fiye da yawancin garuruwa, ga Gidan Arewa da aka kafa a 1970 a gidan Sardauna, ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Tantance mai ba da labari kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar da malamanta suka daɗe suna karantar da ilimin isnadi. Yusufu Bala Usman ya shafe rayuwarsa a Zariya yana koyar da tuhumar kowace majiya, ta Bature ce ko ta fada, Ibrahim Tahir kuma ya nazarci malamai da attajiran Kano daga ciki a kundinsa na 1975. Dabara takan zama ta wanda ya iya riƙe ta.

Uzuri mafi ƙarfi shi ne na lokaci da kuɗi da tsaro. Malami ɗaya yana duba ɗalibai da yawa, zango gajere ne, kuma akwai lungunan da baƙo ba zai zauna da dare ba. Amsar ita ce a rage faɗin batu a ƙara zurfinsa. Ɗalibin da ba zai iya nazarin rashin aikin yi a jiha ba zai iya nazarin teburin mai shayi ɗaya a Unguwar Dosa: su wa ke zama, wa ke biya wa wa, ta bakin wa ake jin labarin aiki. Wata za ta iya bin adashi ɗaya daga zubin farko zuwa kwasar ƙarshe. Wani zai iya zama a tashar Kawo ya ga yadda 'yan kamasho da direbobi ke raba lodi da sasanta rigima ba tare da 'yan sanda ba. Haka Abner Cohen ya yi a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, unguwa ɗaya ya riƙe, ya fito da bayanin yadda amana da ɗariƙar Tijjaniyya suka tsare wa Hausawa cinikin goro da shanu, har yau ana karanta shi a duniya. Irin wannan aiki bai fi buga takardu tsada ba, kuma ɗan unguwa da 'yar unguwa sun fi kowa damar yin sa.

Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana zaune ne a tsakiyar waɗannan unguwanni, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ba ta da nisa. Idan sassan ilimin zamantakewa suka wajabta wa kowane ɗalibi makonni na lura da hira da Hausa kafin ya rubuta tambaya ko ɗaya, suka kuma adana kundayen wuri guda unguwa-unguwa, cikin shekaru goma za a tara bayanin yadda ake haya da aure da bashi da sulhu a wannan gari wanda babu wata hukuma da ke da irinsa. Garin da ya ɗanɗana abin da jahiltar maƙwabci ke haifarwa yana da haƙƙi a kan masu nazarinsa su san shi da gaske kafin su ƙirga shi.