Sarƙa da Sarauta: Sadaukin Littafin Zane a Idon Mai Yankan Riɗi a Simsim

A shekarar 2006 kamfanin Marvel na Amurka ya soma fitar da wani dogon labari mai suna Planet Hulk a mujallarsa ta zane. Greg Pak ne ya rubuta, Carlo Pagulayan da Aaron Lopresti suka ɗauki mafi yawan aikin zanen, aka yi ta fitar da shi daga lamba 92 zuwa 105 har cikin 2007. Duk yaron da ya taɓa zama a gidan kallo ya san Hulk, ƙaton nan kore wanda ƙarfinsa ke ƙaruwa gwargwadon fushinsa, wanda Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙiro a 1962. A wannan karon sai aka karya shi tun daga shafukan farko. Abokansa huɗu, har da Iron Man da Doctor Strange, suka yanke cewa ya zame wa duniya alaƙaƙai, suka yaudare shi ya shiga kumbo, suka cilla shi sararin samaniya. Kumbon ya saki hanya, ya faɗa wata duniya da ake kira Sakaar. Ya sauka a galabaice, aka kama shi, aka manna masa wani faifan ƙarfe a ƙirji wanda ke gana masa azaba duk sa'ad da ya ƙi bin umarni, aka sayar da shi. Daga kasuwa sai fagen gumurzu, inda bayi ke kashe juna don Jan Sarki, mai mulkin Sakaar, da 'yan kallo su yi tafi.

A can ya haɗu da waɗanda aka ɗaura tare da shi: Korg mai jikin dutse, Miek ɗan ƙabilar ƙwari da aka kusa ƙarar da su, Hiroim malamin da aka kora daga zauren malamai, Elloe Kaifi 'yar babban gida da mulki ya wulaƙanta. Ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa harshe ba, wasunsu ma kakanninsu abokan gaba ne. Wata rana da dare suka zauna, kowa ya faɗi labarinsa, suka yi rantsuwar zama 'yan'uwa har mutuwa. Bayan an farfasa faifan da ke ƙirazansu suka tsere daji, bayi da manoma suka yi ta kwararowa bayansu, har aka kifar da Jan Sarki aka naɗa Hulk.

Wannan zubi ya girmi littafin zane nesa ba kusa ba. A shekara ta 73 kafin haihuwar Annabi Isa, Spartakus da mutum kusan 70 suka fasa makarantar horar da bayi 'yan gumurzu a Kapuwa, suka tara dubban mutane, suka hana Rumawa barci shekara biyu, har Kirasus ya murƙushe su ya gicciye mutum 6,000 a gefen hanyar da ke shiga Rum. Marubucin nan Ba'amurke Howard Fast, wanda littafinsa na 1951 ya dawo da sunan Spartakus bakin mutane, shi kansa sai da ya yi wata uku a kurkuku a 1950 don ya ƙi tona sunayen abokan tafiyarsa a gaban majalisa. Marvel ma ta taɓa gwada abin a 1972 da Luke Cage, baƙar fata da aka ɗaure bisa ƙage, aka yi gwajin magani a jikinsa, ya fasa bango ya fita. Amma Cage ya fita shi kaɗai, ya buɗe ofis yana karɓar ladan aikin jarunta. Hulk na Sakaar ya fita da jama'a, wannan ne ya sa labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa.

Adabinmu yana da gwarzon da aka ɗaure, sai dai yakan bi wata hanya dabam. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, Sarki Waldima ya jefa shi kurkuku, da abokan gaba suka kewaye birni aka fito da shi, ya je ya yi wa sarkin nan da ya ɗaure shi yaƙi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya sha bauta har hayin hamada, ya fito malami mai haƙuri. Gandoki na Bello Kagara ya yi fito-na-fito da Turawa, amma daga baya ƙasar aljannu ya nufa. Ɗan sarƙar da zai juya ya tara 'yan'uwansa 'yan sarƙa su kifar da gadon sarauta ba ya cikin littattafan da aka buga mana a Zariya, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda Hukumar Talifi da Rupert East ya jagoranta tana ƙarƙashin gwamnatin da ke mulki ta hannun sarakuna. A tarihi kuwa mun yi shi. Bayi Hausawa a Bahiya ta ƙasar Barazil sun shirya bore a 1807, sun tashi a 1809 da 1814, tun kafin babban boren Musulmi na 1835.

Ina ganin inda ya fi dacewa a auna irin wannan labari shi ne wurin da ake tara baƙin juna a sa su aiki ɗaya mai tsanani. Simsim irin wannan wuri ne. Tana kudu da birnin Gadarif a gabashin Sudan, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai baƙar laka wadda ke tsagewa da rani ta riƙe ƙafa da damina. Noman tarakta ya soma a yankin Gadarif tun wajen 1945 a Gadambaliya, amma a 1968, da aka kafa hukumar noman injina da tallafin Bankin Duniya, Simsim ce aka fara sharewa. Aka sare daji, aka yanka gonaki kowace faddan dubu ko fiye, aka ba masu hali haya, mafi yawansu 'yan kasuwa da manyan ma'aikata mazauna birni. Tarakta tana iya huɗa ta yi shuka, amma riɗi hannu yake so. Da zarar ganyensa ya yi rawaya, 'yan kwanaki suka rage kwanson ya tsage ya zubar da 'ya'yansa a ƙasa. Sai ka ga mutane tun da asuba a sunkuye da lauje, ana yanka, ana ɗaurewa dami-dami, ana jingina dammunan a tsaye su sha rana, ana ƙirga wa kowa nasa don da shi za a biya shi. Bayan sun bushe a shimfiɗa leda ko tabarma, a kifa kowane dami a kaɗa, ƙwayar ta zubo. Masu wannan aiki, waɗanda ake kira jungo, sun fito daga Darfur da Kurdufan da duwatsun Nuba da Kudancin Sudan da Habasha, da kuma ƙauyukan Hausawa da Fulani da Barebari da ke yankin. A kambo ɗaya, wato sansanin leburori, suke kwana, tukunya ɗaya suke ci.

Mutumin da ya yi kaka ɗaya a irin wannan kambo ba ya bukatar a yi masa bayanin daren rantsuwar su Korg. Ya san yadda wahala ɗaya ke haifar da zumuncin da jini bai haifar ba. A nan littafin zanen ya faɗi gaskiya, kuma ya faɗe ta da kyau, domin zane yana iya abin da rubutu ba ya iyawa da sauri: a shafi ɗaya ka ga fuskoki biyar da ba su yi kama ba, kowace da faifai iri ɗaya a ƙirji.

Sai dai akwai tambayar da Sakaar ta amsa cikin sauƙi, wadda Sudan ta kasa amsawa shekara ɗari. Hulk baƙo ne, ba shi da kaka a ƙasar, ba wanda ya san gidansu. Duk da haka da ya zubar da jini tare da mutane suka ce namu ne. Mu dubi Ali Abdullaɗif. An haife shi a Wadi Halfa a ƙarshen ƙarni na 19, uba ɗan duwatsun Nuba, uwa 'yar Dinka, duka biyu sun fito daga bauta. Ya zama hafsan soja. A 1922 ya rubuta takarda yana neman 'yan Sudan su yanke wa kansu makoma, Turawan Ingila suka ɗaure shi shekara ɗaya. Ya shiga kurkuku ƙaramin hafsa da aka kora daga aiki, ya fito sunansa na bakin kowa. A 1924 ya jagoranci Ƙungiyar Farar Tuta tare da Ubaidu Haj al-Amin, masu aikin waya da akawuna da leburorin jirgin ƙasa suka bi shi. Aka sake kama shi a watan Yuli. A watan Agusta ɗaliban makarantar soja suka fito da bindigoginsu suka yi jerin gwano har ƙofar kurkukun Kobar don su gaishe shi. A Nuwamba wani hafsa, Abdulfadil al-Maz, ya tsaya a asibitin soja na Khartum yana harbi har aka rushe ginin a kansa.

Duk abin da marubucin littafin zane ke nema yana cikin wannan tarihi. To amma me manyan gari suka ce? Jaridar Hadarat al-Sudan, wadda shugabannin addini uku mafi girma a ƙasar suka mallaka, ta ɗauki abin a matsayin cin fuska: yaya za a yi mutanen da ba a san asalinsu ba su yi magana da yawun al'umma? Ali bai hau kan gado ba. An ƙara masa shekaru, aka ce ya sami taɓin hankali, aka kai shi Misira a 1938, ya rasu a Alƙahira a 1948. Mari ya ba shi mabiya, bai wanke shi daga gorin asali ba.

Hausawan Sudan sun san ɗacin wannan gori. Da yawansu jikokin alhazai ne da suka bi hanyar gabas a ƙasa, wasu kuma jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 27 ga Yuli 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu. Da guminsu aka raya gonakin audugar Jazira bayan 1925, da shi aka raya na Gadarif. Amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗauki ƙarshen shekarar 1897 ta mai da shi ma'auni, wanda kakansa ya iso bayan nan sai ya nemi takarda kamar wanda ya sauka jiya. A watan Yulin 2022, neman da Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka yi na samun tasu sarautar gargajiya ya zama sanadin rikicin da ya ci ɗaruruwan rayuka kafin shekarar ta ƙare, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kassala da Gadarif da Khartum da sauran birane. Tushen gardamar dai ƙasa ce, da wanda ke da ikon cewa tasa ce.

Greg Pak ya hango cewa maganar ƙasa ce, sai ya warware ta da siddabaru. Duk inda jinin Hulk ya ɗiga a busasshiyar ƙasar Sakaar, sai tsiro ya fito. Hoton yana da kyau ƙwarai, kuma na fahimci abin da yake nufi: wanda jininsa ya raya ƙasa ya zama ɗanta. Amma a Simsim gumin mutum yana fitar da riɗi kowace kaka, buhunan su tafi kasuwar amfanin gona ta Gadarif, daga can zuwa Bur Sudan su hau jirgin ruwa, shi kuwa takardar hayar gonar tana aljihun wani. Wannan tazara tsakanin mai raya ƙasa da mai riƙe da takardarta ita ce ainihin abin da juyin juya hali ke tasowa a kai, kuma ita ce littafin zane ke tsallakewa. Ba a nuna mana yadda aka raba gonakin Jan Sarki ba, ko wa ya riƙe rumbu, ko yadda aka shirya tsakanin ƙabilar Miek da waɗanda suka karkashe su. Fitowa kaɗan bayan naɗin sarauta, kumbon da ya kawo Hulk ya fashe, birni ya ƙone, matarsa Caiera ta mutu da ciki, shi kuma ya juya duniyarmu ɗaukar fansa a labarin World War Hulk. Kamfani yana bukatar ƙatonsa ya dawo cikin fushi don a ci gaba da sayar da mujalla, saboda haka dole mulkin bayi ya mutu a jariri. Da aka ɗebi labarin aka zuba a fim ɗin Thor: Ragnarok a 2017, juyin juya halin Korg ya koma abin ban dariya, wannan kuwa ya ba ni haushi.

Wanda ya rubuta shafukan da suka ɓace ɗan gabashin Sudan ne, Abdul'aziz Baraka Sakin, haifaffen Kassala a 1963. Littafinsa a kan jungo, wanda ya ci kyautar Ɗayyib Salih a 2009 hukuma kuma ta hana shi yawo, yana da kurkuku, yana da yaron da ya tashi a cikinsa kusa da uwarsa, yana da leburorin da banki da injina suka ture har suka ɗauki makami. Babu ƙato a ciki. Jagoranci yana yawo daga hannu zuwa hannu, mata masu sayar da abinci da abin sha suna da ta cewa, bashin kaka da kuɗin dami su ne ke tura labarin. Matashin Bahaushe mai zane a Gadarif ko Kano da ke son ya gwada wannan salo, daga nan ya kamata ya ɗauki jikin labarinsa, ya ɗauki ƙarfin hoto daga Marvel. Ƙasar tana da gadon zane: mujallar yara ta al-Sibyan ta soma fita tun 1946, kuma hotunan da aka zana a bangayen dandalin zaman dirshan na Khartum a 2019 sun zaga duniya.

Mutum ɗaya a Planet Hulk ya fi sauran kama da abin da muka gani da idonmu, shi ne Miek. Ya soma a matsayin mafi rauni cikin 'yan sarƙa, wanda Hulk ke karewa. Da aka ci nasara ya kasa ajiye makami, domin bai san kansa a wajen yaƙi ba. Daga baya ta bayyana cewa ya ga magoya bayan Jan Sarki suna dasa abin da ya tarwatsa birnin, ya yi shiru, don yana so yaƙi ya ci gaba. Gadarif na cikin biranen da suka fara zubar da jini a zanga-zangar Disamban 2018. A Afrilun 2019 aka kai hamɓararren shugaba Umar al-Bashir kurkukun Kobar, inda ya sha ɗaure masu adawa da shi, inda kuma aka taɓa tsare Ali Abdullaɗif. A Oktoban 2021 sojoji suka ture gwamnatin riƙon ƙwarya. A Afrilun 2023 masu riƙe da bindiga suka juya wa juna, ƙofofin Kobar suka buɗe, wasu manyan tsohuwar gwamnati suka fita, daga baya kuma jihar Gadarif ta cika da iyalan da suka gudo daga Khartum da Wad Madani da Sinja.