Girman kwali ba shi ne zurfin wasa ba

A 'yan shekarun nan masu ƙirƙirar wasannin tebur na dabara a Turai da Amurka kamar gasar girman kwali suke yi. Gloomhaven, wanda Isaac Childres ya fitar a 2017, kwalinsa ya doshi kilo 10. Da Childres ya nemi kuɗin buga magajin wasan, Frosthaven, a dandalin Kickstarter a 2020, sai da jama'a suka zuba masa kusan dala miliyan 13. Yau kuwa sau da yawa abin da ake fara nuna wa mai saye shi ne tarin 'yan mutum-mutumin roba da kaurin littafin ƙa'idoji.

Ba wahalar wasa nake ƙi ba, ita ma nake nema. Abin da ke damuna shi ne inda ake ajiye wahalar. Idan sai an ɓata rabin sa'a ana jera kaya, kuma kowane motsi sai an buɗe littafi a duba, to haddar mutum ake gwadawa, ba basirarsa ba.

A dubi Twilight Struggle na Ananda Gupta da Jason Matthews, wanda ya fito a 2005. Mutum biyu ne ke karawa, ɗaya Amurka ɗaya Tarayyar Sobiyet, a kan taswirar duniya ta zamanin Yaƙin Cacar Baka, daga 1945 zuwa 1989. Yawancin katunan suna ɗauke da wani lamari na tarihi, kuma idan ka buga katin da lamarinsa na abokin hamayyarka ne, dole lamarin ya auku, shi zai ci moriya. Ka ce kai ne Amurka, sai ga katin Fidel a hannunka. Ka buga shi, Kyuba ta tafi. Kana iya jefa shi a sashen tseren sararin samaniya na wasan ka rabu da shi, amma ƙofar nan ƙarama ce, ga wani katin da ya fi shi sharri yana jira. Haka za ka zauna kana auna wace asara za ka iya ɗauka yanzu. Wanda kuma yaƙin nukiliya ya ɓarke a lokacin bugunsa, shi ya faɗi nan take. Kwali da allo da 'yan katuna ne kawai, amma gumi sai ya keto maka.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan dattawa suna dara a gindin bishiya ya san irin wannan zurfin. Rami 30, kowa da 'ya'ya 12, a jera uku a ci ɗa ɗaya. A zama ɗaya yaro zai koyi ƙa'idar, amma sai ya shekara yana shan kashi a hannun gwani, domin tun wajen zuba 'ya'ya aka gama da shi bai sani ba.

Gloomhaven kansa yana da dabara ta gaske, domin katunan hannunka raguwa suke yi yayin da wasa ke tafiya, dole ka yi tattalinsu. Masu kwaikwayonsa da dama girman kwalin suka ɗauka, suka bar wannan tattalin.