Gubar Dalma Ba Ta San Iyakar Sashe Ba

Sassan injiniyancin sinadarai na jami'o'inmu suna son cewa bincikensu ya haɗa fannoni. To, ka duba sunayen marubutan takardun. Sau da yawa 'yan sashe ɗaya ne, an ƙara abokin aiki guda daga ginin da ke kusa.

Idan kana Dirin Daji, ba sai an kai ka nesa ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, gubar dalma ta kashe yara kusan 400. Dutsen zinaren yana ɗauke da dalma, ana niƙa shi a bushe cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Likitocin MSF sun kawo maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma mayar da yaro gida mai guba aikin banza ne. Sai da injiniyoyin TerraGraphics na Amurka suka jagoranci kwashe ƙasar tsakar gidaje.

Niƙa da ruwa don kashe ƙura aikin injiniyan sinadarai ne. Shawo kan mai haƙa ya yarda da shi kuwa, wannan sai masanin zamantakewa da mai unguwa. A 2015 gubar ta sake kashe yara a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.