Zanen Daji a kan Allon Gilashi: Nazari a kan Aikin David Hockney

A shekarar 2012 aka baje hotunan David Hockney, mai zane ɗan ƙasar Ingila, a zauren Royal Academy da ke Landan. Daga cikinsu akwai guda 51 waɗanda ba a taɓa buroshi ko fenti wajen yinsu ba. Ya zana su ne a kan iPad a shekarar 2011, a gefen wata hanya mai suna Woldgate a gabashin Yokshaya, yana bin yadda itatuwa ke tohowa bayan wucewar sanyi. Masu fassara kan kira wannan lokaci bazara, ko da yake bazarar Bahaushe zafi ce da jiran ruwa, tasu kuwa sabon ganye ce da furanni.

Abin da ya kai shi ga wannan allo shi ne sauri. Mai zanen daji kullum tsere yake yi da rana, gama hasken da ya gani da hantsi ba shi zai tarar da azahar ba. Fentin mai yakan ɗauki kwanaki bai bushe ba, na ruwa kuma in an shafa shi ba ya gyaruwa sai da wuya. Wannan damuwa tsohuwa ce. Sai da aka ƙago bututun ƙarfe na zuba fenti a 1841 sa'an nan fita daji da kayan zane ya yi sauƙi, har Monet na Faransa ya riƙa jera kyallaye da yawa a gabansa, yana sauya su yayin da haske ya sauya. A kan allo kuwa babu jiran bushewa, launi yana nan a shirye, abin da aka ɓata kuma a janye shi nan take. Lalle a nan Hockney ya ci riba. Inuwar da ke kwance a kan hanya da kududdufan ruwan sama sun fito da rai, kamar an kama su kafin su gudu.

Amma fa akwai abin da aka rasa, kuma ba kaɗan ba ne. Fenti jiki gare shi. Yana da kauri, yana riƙe sawun gashin buroshi, haske yakan faɗa masa ya dawo dabam gwargwadon inda mai kallo ya tsaya. Launin allo kuwa haske ne tsantsa, ja da kore da shuɗi suna fitowa daga bayan gilashi. Da aka buga hotunan a takarda manya-manya don rataye a bango, wannan haske ya tafi, kaurin fenti kuma dama babu shi, sai aka bar mai kallo da shimfiɗaɗɗen launi. Wanda ya matso kusa zai ga ɗige-ɗigen ganye sun yi kama da juna fiye da kima, domin na'ura ce ke maimaita su. Koren ma wani lokaci yakan yi tsawa har ya gajiyar da ido.

Sa'an nan ga maganar asali. Hoton mai guda ɗaya ne tak. Na allo kuwa Hockney da kansa ya riƙa aika wa abokansa irinsa tun 2009, sa'ad da yake zane da babban yatsa a kan iPhone, kowa ya sami daidai abin da ɗan'uwansa ya samu.

Inda allon ya fi nuna ƙarfinsa shi ne aikin Normandi na 2020. Ya haɗa hotunan shekara guda suka zama hoto ɗaya mai tsawon kimanin mita 90, aka baje shi a Faris a 2021, bisa koyi da tsohon ɗinkin nan na Bayeux. A can mai kallo tafiya yake yi yana duba, daga hunturu har ya sake isa hunturu, ba ya tsayawa ya ƙura wa ganye ɗaya ido balle ya nemi sawun buroshi.